Takalmin Hagun Manaja

A layinmu Manaja ake ce wa Baba. Ba manaja ba ne. Ƙofa yake buɗewa a wani babban otal, ya ɗan rusuna, ya ce barka da zuwa da harsuna uku, biyu daga ciki iyakar abin da ya iya ke nan a cikinsu. Amma mutumin da ke fita da safe da kwat mai maɓallan zinariya, ko da na roba ne, da farar safar hannu a aljihu, da takalmin da za ka iya duba haƙoranka a jikinsa, wa zai kalle shi ya ce mai gadi? Mai shagon kan kwana ne ya fara kiransa Manaja, da wasa. Baba bai gyara masa ba. Har yau yana shirin gyarawa.

Gidanmu dama kowa da muƙaminsa. Yayana Injiniya ne, wato yana wanke esi a ofisoshi. Ni Farfesa ce. Ban yi nisa a makaranta ba, amma ina aiki a shagon fotokwafi da ke kallon makarantar koyon aikin jinya, kuma duk takardar da ɗalibai suka kawo sai na karanta ta tun tana da ɗumi. Umma ce kaɗai ba ta da digiri. Ita ɗinki take yi, ta ce in kowa ya zama babba wa zai sauke tukunya.

Ƙafar hagun Baba ta fara kumbura ne bayan wani aiki da aka yi masa a matsematsi aka cire masa kaluluwa. Likita ya ce hanyoyin da ruwan jiki ke bi ya koma sama sun lalace, sai ruwan ya zauna a ƙasa. Wata maƙwabciya ta shigo dubiya ta ce, "Ayya, tundurmi ne." Tun daga ranar Baba da kai yake amsa gaisuwarta. Shi ciwonsa limfedima ne, kuma a hankali yake faɗin sunan, kamar sunan motar da ya yi oda ba ta iso ba tukuna.

Kumburin ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne baƙon da ke sauka a kansa. Haka kawai Baba zai fara hamma, ya ce a kashe fanka, kafin a ce me, ya kama karkarwa har gado na amsawa. Ƙwaurin ya yi ja, ya yi sheƙi, ya ɗau zafi kamar bayan injin fotokwafina in ya wuni yana aiki. Sai asibiti, sai allurai, sai sallama. A ɗan sami lafiya, har mu fara mantawa, sai abin ya dawo. Kuma duk dawowar da zai yi sai ya bar ƙafar ta fi da girma, ba ta komawa. A kwanciyar baya likita ya gaya mana a tsaye, yana shirin wucewa gado na gaba: kowane kamu yana ƙara lalata 'yan hanyoyin da suka rage, kuma wata rana ƙwayar cutar za ta iya shiga jini. Ya ce mu nemo ta inda take shiga, dole akwai wata kafa a fatar, ko da ƙarama ce.

Aka shiga nema. Yaya ya ce guba ce a jini, ya kawo wani shayi a kwali mai hoton dutsen ƙanƙara, da injin tausa mai shuɗiyar fitila. Injin ya ɗan yi ƙugi a falo na wani lokaci, daga baya Umma ta gano yana da kyau wajen danne yadi in tana yanka.

Ni kuwa ilimi na kawo. Akwai wata takarda da ɗalibai suka kawo a kan wannan ciwon, na yi wa kaina kwafi, na haddace ta tas. Abubuwan da ke sa ciwon fata ya yi ta dawowa ga mai irin ƙafar Baba: in ya taɓa kamuwa a baya, in akwai ƙiba, in ba a matse kumburin da safar asibiti ba, in akwai rauni ko faso, sai kuma cin ruwa a tsakanin yatsu, wanda aka ja wa layi biyu a ƙasa. Na zaunar da Baba a falo, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yadda na ga malamansu na yi in sun zo karɓar aiki.

"Baba, kana da cin ruwa?"

Ya sauke jarida. "Na yi miki kama da mai wankin mota?"

"Faso fa?"

"Ni da nake tsayuwa a kan kafet?"

"Safar asibitin, kana sawa?"

Ya ɗage ƙafar wando zuwa gwiwa. Ga ta nan, ruwan ƙasa, ta kama ƙwaurin tsam. Daga idon sawu zuwa ƙasa baƙar safa ce ta kwalliya a kai, kamar kullum.

"Farfesa ta gamsu?"

Farfesa ta gamsu. Na yanke hukunci cewa saura ƙiba, a rage masa mai. Umma ta rage mai, duk gidan muka rame ban da shi.

Nan ya kamata in faɗi wani abu. Ba wanda ya san rabonsa da ganin tafin ƙafar nan. Da safa Baba yake fitowa daga wanka, da safa yake kwana. Shi yake wanke safunansa ya shanya a bayan ƙofar ɗaki. A asibiti ma ƙwauri ake dubawa, don nan ne jan yake, shi kuma ya naɗe safa zuwa idon sawu ya tsaya. Umma ta taɓa cewa ya kawo ta yanke masa farce, ya ce akwai masu yi musu a otal. Mu kuma hakan bai dame mu ba. Mutum ya rufe abinsa da kyau, mu wa ya aike mu?

Takalmi kuwa biyu yake saye, iri ɗaya, lamba arba'in da biyu da lamba arba'in da shida. Dama ta ɗauki nata a ƙaramin, hagu ta ɗauki nata a babban. Ragowar ya tura su ƙarƙashin gado, sababbi fil, ba su da abokan tafiya. Dokar otal ce: mai tsayuwa a ƙofa baƙin takalmi rufaffe mai igiya, a goge. Da sassafe yake sawa, kafin ƙafar ta farka ta cika, da wani dogon ƙarfe mai kama da cokali, ɗaki a rufe. Muna jin nishinsa daga falo. Umma takan ƙara sautin rediyo.

Wata rana da hantsi ina tsakiyar aiki aka kira ni a waya. Muryar mace ce.

"Ke ce 'yar Baba mai ƙofa? Daga otal ne. Zo ki ɗauke shi, jikinsa sai rawa yake, ya ƙi zama."

Baba mai ƙofa. Ban taɓa jin sunan ba. Na ce ni ce.

Ban taɓa zuwa otal ɗin ba, Baba ya ce ba a son 'yan uwa a wurin aiki. Na tarar ana wani taro, motoci na sauke mutane masu kati a wuya. Ga Baba can tsaye, haƙoransa na haɗuwa, gumi na bin kwalar kwat, yana jan ƙofar gilashi yana rusunawa. Wani mutum ya miƙa masa kofin takarda da ya gama shan abu a ciki, ko kallonsa bai yi ba. Baba ya karɓa da hannu biyu ya ce na gode.

Na laɓe a bayan wata tukunyar fulawa kamar wadda ta zo sace ta. Shi ya hango ni.

"Wa ya ce ki biyo ta gaba?" Abin da ya fara cewa ke nan.

Manajan gaske ya fito, matashi ne da bai kai Yaya ba, da waya biyu a hannu. Ya ce, "Haba Baba, ka je a duba ka mana, ƙofar ba za ta gudu ba."

"Ɗan sanyi ne, yallaɓai."

"Na ji. Kai shi asibiti a yi masa maganin sanyin."

A asibiti muka tarar da Yaya ya riga mu, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Sukundireba ne a ciki da tsumma, amma jakar ba ta faɗa. Likita na cikin tiyata, sai aka tura mu ɗakin wankin rauni wurin wata nas mai kula da masu kumburi. Kowa Sista yake ce mata. Gajera ce, ta manyanta, tabarau a kan hanci, almakashi a aljihu.

Yaya ya gyara tsayuwa ya fara Turanci, har da maganar guba. Sista ta bar shi ya kai aya.

"Kai ne mara lafiyar?"

"A'a."

"To matsa, ka tare min haske."

Na ga dama ta samu. Na ce, "Sista, ciwon fatar nan ne mai dawowa. Na bi duk abubuwan da ke jawo shi. Ba rauni, ba faso, ba cin ruwa, kuma yana sa safar. Ƙiba ce kawai, muna kanta."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ɗalibarmu ce ke?"

"A'a. Ina dai karance-karance."

"Madalla. Da kika buɗa tsakanin yatsun, me kika gani?"

"Ya ce babu."

"Ba abin da ya ce na tambaye ki ba."

Sista ta juya wurin Yaya.

"To wa ya duba a gidan? Kai mai jaka?"

Yaya ya tuna da wani saƙo mai muhimmanci a wayarsa.

Sista ta jawo kujera ta zauna gaban Baba. "Baba, cire takalmin."

"Sista, ai a ƙwauri ciwon yake. Kullum nan ake dubawa."

"Yau daga ƙasa za mu fara."

Kullum daga gida muke kawo shi, da silifas da safa. Ranar ce kaɗai ya zo da kayan aiki. Sista ta kwance igiyar da kanta, ta ja dunduniyar takalmin. Ko motsi. Naman ya tumbatsa ta saman bakinsa kamar burodin da ya fi ƙarfin gwangwani. Ta sake gwadawa, Baba ya cije leɓe.

"In na ja da ƙarfi fata za ta biyo," in ji ta. Ta zaro almakashi.

"Sista, sabo ne."

"Ƙafar kuma akwai wata a gida?"

Ta yanka shi daga baki har zuwa hanci. Baba ya rufe ido. Ko ranar da aka shiga da shi tiyata ban ga ya yi haka ba.

Ta zare baƙar safar a hankali. Sai ga shi safar asibitin a idon sawu ta ƙare. Ya yanke ƙasanta gaba ɗaya. Ba yankan ganganci ba, har da kalmasa ya yi mata da baƙin zare. Duk matsin yana sama, duk ruwan ya taru a ƙasa, a cikin takalmi, daga safe har yamma.

"Me ya sa?" in ji Sista.

"Da ita takalmin ba ya shiga."

Daga nan warin ya iso. Turare ne ya fara zuwa, irin wanda Baba ke fesawa a kwat, sannan abin da turaren ke ɓoyewa ya biyo baya. Auduga ce a cuccushe tsakanin yatsun. Sista ta ciro ta da ɗan hantsaki. Fatar wurin ta yi fari fat, ta jiƙe, ta tsattsage, cikin tsagar ja. Farcen ƙaramin yatsa ya lanƙwasa ya nutse a jikin maƙwabcinsa.

Na ja da baya. Ba da yawa ba. Hannuna ya tafi hancina ban aike shi ba. Da na ɗago, Baba ya buɗe ido, ni yake kallo.

Na sauke hannun. Amma ya riga ya gani.

Sista ta ce, "Yaushe rabonka da tsane ruwa a nan?"

Da Baba ya yi magana, muryar ba ta Manaja ba ce, ba kuma ta mai barka da zuwa ba.

"Hannuna ba ya kaiwa."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

Ashe ruwa kawai yake kwarawa, ya girgiza ƙafar, ya jawo safa da ƙugiyar hangar rataye kaya a kan damshin. In ya ji ƙaiƙayi sai ya fesa wa auduga turare ya tura ta da bakin ƙarfen takalmi. Shi kansa bai ga wurin ba. Yana dai jin sa.

"Mai karance-karance," in ji Sista, "zo riƙe min fitila."

Na zo. Na durƙusa, don ba yadda za a haska wurin a tsaye. Ta buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya tana nuna min.

"Kin ga wannan tsagar? Ƙwayar cuta ba ta buƙatar fiye da haka. Ƙafa mai kumburi kuma ba ta iya faɗa da ita. Za mu kwantar da shi a yi masa allurai, na yau zai mutu. Amma in nan bai warke ba, ku ajiye jakar asibitinku kusa da ƙofa."

Ta ce kullum a wanke, a tsane kowane lungu da tsumma mai laushi har ya bushe, a shafa maganin cin ruwa. Sauran ƙafar a shafa mata mai kada ta tsage, amma ban da tsakanin yatsu. Farce a yanke a hankali, ba da reza ba. Safa cikakkiya har tafin ƙafa. Takalmi mai faɗi, mai shan iska, wanda safar za ta shiga tare da ƙafar.

"Otal ba za su yarda ba," in ji Baba.

"To ka zaɓa, Baba. Ni dai na faɗa."

Na san duk abin da ta faɗa. Yana cikin takardata, shafi na biyu. Ina durƙushe da fitila ina jin ta tana karanto min shi, ban iya ɗaga kai ba.

Da yamma Umma ta zo da kwanon abinci. Ta tarar da ƙafar a buɗe a kan filo, ba safa, ba komai. Ta tsaya ta kalle ta. Sannan ta ɗauki guntuwar safar asibitin daga kan durowa ta jujjuya.

"Da zarena ka yi."

Baba ya kalli silin.

"Kalmasar ma ta karkace," in ji ta. Ta fita ta daɗe tana neman banɗakin da ke daura da ƙofar ɗakin.

Zazzaɓi ya sauka, jan ya fara ja da baya daga layin da likita ya zagaye da biro. Ana gobe sallama Baba ya yafito ni da hannu, ya rage murya.

"Farfesa. Akwai wani shago a bayan tashar mota, suna da arba'in da takwas. Ki samo min. Ita kuma sabuwar safar da suka ba ni, kada ki damu, na san yadda zan yi da ita."

"Baba, Sista ta ce..."

"Sista ba ta tsayuwa a ƙofa." Ya gyara bargo. "Ba a sa mai silifas a gaban otal. In na bar ƙofar nan, ni wane ne a layi? Ke gaya min, tunda kin yi karatu."

Na je shagon.

Suna da shi kuwa. Mai shagon ya sauko da shi daga can sama, ya hure ƙura, ya ce ba kasafai ake nema ba, na ɗan ƙwallo ne? Na ce na manaja ne. Na riƙe shi a hannu, baƙi wuluk, yana ƙyalli. Gaskiya na so in saya. Ba don Baba ba. Don in an saya komai zai koma yadda yake: ɗaki a rufe, rediyo a sama, ni a falo da ƙafa ɗaya kan ɗaya ina tambayoyi. Ba mai sake ce min in durƙusa. Na ga fuskata a hancin takalmin, ta yi faɗi, hancin ya fi komai girma.

Na ce wa mai shagon zan dawo. Na tsallaka titi zuwa inda ake sayar da sandunan guragu da kujerun marasa lafiya. A can na sami wani baƙin takalmi mai faɗi kamar faranti, gabansa a buɗe, da maɗauri irin mai mannewa, wanda in an ɓalle yake ƙara kamar an yaga zane.

Baba ya kalle shi a kan gadon asibiti.

"Wannan na mutum ne?"

"Na hagu ne."

Bai sake yi min magana ba. Muka dawo gida ya koma aiko da saƙo ta wurin Umma, ina zaune a wurin. Ki gaya wa 'yarki ta rage fanka. Ki tambayi 'yarki ina jaridata. Yaya ya kawo shawarar a gaya wa otal cewa Baba ya ji rauni ne a wurin motsa jiki, ya fi daɗin ji.

Washegari da safe Umma ta kawo roba da ruwan ɗumi da tsumma, ta fara naɗe hannun riga.

"Ba ke ba," in ji Baba.

"To wa?"

"Wadda ta riga ta toshe hanci. Ta zo ta ƙarasa."

Da ya mare ni da ya fi min sauƙi. Na zo na durƙusa. Ya ɗaga jarida ya rufe fuskarsa da ita. Ƙafar ta fi yadda nake zato nauyi, sai da na sa hannu biyu na ɗora ta a cinyata. Fatar da kauri, da ɗumi. Na wanke, na bi yatsun da tsumma, na shafa magani, na shafa mai. Safar asibiti kuwa, duk wanda ya ƙirƙiro ta bai taɓa sa wa wani ba. Sai da na yi gumi, farcena ɗaya ya karye. Duk tsawon lokacin Baba bai juya shafi ba.

Ranar komawa aiki na fito na tarar da shi a bakin gado da buroshi da gwangwanin man takalmi. Ya goge na dama har yana ɗaukar ido. Sannan ya ɗauki farantin nan na hagu, ya dube shi, ya shiga goge shi shi ma. Ba ya ƙyalli, ba a yi shi don ƙyalli ba. Bai fasa ba.

"Ki gaya wa 'yarki," ya ce da Umma, "in za ta raka ni, ta baya ake shiga."

Ta baya muka shiga, ta wurin kwandunan shara da injin wuta. Manajan gaske ya same mu a wani lungu. Ya yi wa Baba sannu, sannan idonsa ya sauka ƙasa ya tsaya a can. Ya sosa ƙeya da waya ɗaya.

"Baba, ka san baƙi. Ƙofa ita ce fuskar otal."

"Na sani, yallaɓai. Ni na koya wa mai ƙofar dare haka."

"Likita ne ya ce dole?"

Baba ya ɗan juyo ya kalle ni. Na san abin da kallon ke nema. Kalma ɗaya, in ce na ɗan lokaci ne, in ce muna neman wani takalmin. Na kalli injin wuta.

"Dole ne," in ji Baba.

Aka mai da shi ɗakin ajiyar jakunkuna. Akwai kujera, akwai wani akwati da zai iya ɗora ƙafa a kai, akwai fanka. Masu aikin can shuɗiyar riga suke sawa. Baba ya cire kwat ɗin, ya zaro farar safar hannu daga aljihu ya ɗora a kai, ya ninke shi yadda ake ninke kayan mamaci, ya miƙa da hannu biyu. Ya ce na gode. Ni ban san inda zan sa idona ba, sai na karanta sunayen da ke jikin jakunkunan mutane.

Da yamma na biya na ɗauko shi. Muna shigowa layi mai shagon kan kwana ya leƙo.

"Manaja! An samu lafiya? Ina kwat yau?"

Baba ya tsaya. Na ce a raina yau dai za a yi gyaran nan.

"An mai da ni ciki," in ji shi.

"Kai, ƙarin girma ke nan! Allah Ya sanya alheri. Dama ina manaja ina tsayuwa a rana."

Baba bai gyara masa ba. Ni ma, da ban taɓa barin kuskure ya wuce ta gabana ba, na ce amin.

An kwana biyu yanzu. Ƙafar ba ta koma kamar ta dama ba, Sista ta ce kada mu sa rai. Amma tsagar ta rufe, fatar wurin ta dawo launin mutum, kuma jakar asibiti tana saman kabad ta yi ƙura. Ban ce baƙon ya tafi ba. Na ce dai bai dawo ba. Takalman ƙarƙashin gado Umma ta fito da su za ta bayar, aka rasa mai ƙaramar hagu da babbar dama, ta mai da su. Takardata kuma na ga an naɗe maɓallai a cikinta, ban tambaya ba.

Baba ya daina aiko da saƙo. Jaridar dai har yanzu yana ɗagawa. Yau da safe na gama, na miƙa hannu zan ɗauko safa, sai na ji murya daga bayan shafin wasanni.

"Kin tsallake na ƙarshe."

"Ban tsallake ba."

"Farfesa, ƙafata ce. Da damshi."

Na buɗa ƙaramin yatsan na duba. Da damshi. Na ɗauko tsumma.